Aikin Da Dogo Ya Hana Danginsa

A bakin gari akwai filin tsohon kamfanin matse mai, shekara ashirin a rufe. Ciyawa ta kai ƙugu, awaki ne kaɗai ke zuwa aiki a kan lokaci. Samarin gari, har da mu da samartakar ta bari ba sallama, muna bakin titi muna gyara duniya da baki.

Dogo dillali ya mallaki filin, amma masu jari suka ƙi leƙowa. Sai ya ɗebi ƙasar wurin a leda, ya kwance noti ɗaya daga tsohon injin, ya nufi gidan boka da rana tsaka.

Ɗakin ba taga. Ƙarni ne ya fara yi masa maraba. Baƙar tukunya na tsakiya, an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, jini ya bushe a jikinta hawa-hawa. Boka ya zuba ƙasar, ya jefa notin, ya yanka baƙin bunsuru a kai. Bunsurun bai shura ba, tukunyar ce ta girgiza.

"Ni fa don talakawa nake yi," in ji Dogo. "Aiki zan kawo wa gari."

"Kowa haka yake cewa. Injinka zai tashi, amma duk shekara zai ɗauki ɗaya cikin masu yi masa hidima."

"A ba shi akuya mana."

"Akuya ce za ta yi maka aikin?"

Dogo ya share zufa. "Amma ban da nawa ko?"

"Ƙarfe bai san dangi ba. Naka kada su tsallaka ƙofar kamfanin."

Dogo ya ga araha, ya amsa.

Kafin wata shida masu jari suna layi. Kamfanin niƙa roba ya tashi, aka ɗauki mutum ɗari uku. Shekarar farko bel ɗin injin ya kama hannun rigar wani lebura, ya ja hannun, ya ja sauran. Ta biyu haƙoran injin suka raba wani gida biyu. Aka ce tsautsayi, aka wanke daɓen, aka ci gaba.

Abin da Dogo bai hango ba shi ne dangi. Mai kamfani a ƙaramin gari ya ɗauki 'ya'yan kowa ban da nasa? Kawunnansa suka daina amsa gaisuwarsa.

"Kai, nonona ka sha ko na wata?" in ji uwarsa. "Ɗan ƙanwarka na zaman kashe wando, ka cika wuri da bare!"

"Inna, aikin da wuya."

"Sauran da ƙarfe aka ƙera su?"

Ta dogara sandarta har ofishin manaja. Wa zai ce wa uwar mai gida a'a? Sati uku da fara aikinsa aka kawo mata jikanta a buhu biyu. Ƙanwar Dogo ta buɗe na farko, ta fashe da dariya, har yau ba ta daina ba.

Bayan shekara babban ɗansa ya dawo daga karatu da takardar injiniya.

"Abba, injin nan gyara yake so. Abin da na karanta ke nan."

Dogo ya kwashe shi da mari, ya kulle shi a ɗaki.

"Haba maigida," in ji matarsa, "magidanci guda ka kulle kamar ɓarawo?" Dogo na fita ta buɗe wa ɗan ƙofa.

Ba takalmi Dogo ya iso kamfanin. Ya tarar bel ya riga ya kama ɗan a ƙafa. Aka kashe wuta, injin bai tsaya ba. Ƙashi na ƙara, jini na feshi har kwanon rufi. Dogo ya rungume ƙarfen yana ihu:

"Ba shi ba! Ga lebura ɗari uku na tara maka, ka zaɓa!"

Ɗari ukun suna tsaye, sun ji.

Da sifana da guduma suka fara a kan Dogo da injinsa, fetur ya biyo baya. Kwana biyu roba na ci. Matar Dogo ta bi ƙanwar a hauka, ɗaki ɗaya ake kulle su. Dogo bai mutu ba, aka bar shi da jan gindi a tasha, ba mai jefa masa ko sisi, ba kuma mai yarda ya ƙarasa shi.

Ku masu kwaɗayin a kira ku masu kamfani, ku ji da kyau. In ka yarda ɗan wani ya mutu don ka ci, ka riga ka sallama naka, rana ce kawai ba a sa ba.