Finjalin da Temam Ya Bari

A kasuwar garinmu, Jimma, suka fara haɗuwa, a gaban teburin Temam, mai sayar da ƙananan injinan niƙa na hannu da butocin gahawa na ƙarfe masu hawa biyu, irin masu arhar nan. Nejat ta dire buta a gabansa tana huci.

"Malam, a wurinka aka sayo mini wannan. Abin da take fitarwa ko akuya ba za ta sha ba."

Temam ya warware butar ya leƙa, sai dariya ta ƙwace masa.

"Baiwar Allah, a turmi kika daka? Wani kamar tozali, wani kamar tsakuwa. Kuma kin danne garin kamar kuna da tsohuwar gaba."

Nan take ya murza ɗan injinsa har gari ya fito daidai laushin gishiri. Ya zuba ruwa a hawan ƙasa, gari a tsakiya ba dannewa, ya ɗora a wuta kaɗan. Da butar ta fara gurnani ya sauke, ya ɗiga madara ya miƙa mata.

Ta kurɓa, ta ɗauke kai. "Ba laifi."

Ba laifi fa, amma sai da ta shanye tas! Ta sayi inji, shi kuma ya karɓi lambarta, wai ko injin zai ba da matsala. Injin bai taɓa ba da matsala ba, amma kullum sai saƙo ya shigo.

"Zumata, kin sauke butar, ko tana can tana ƙonewa kina tunanina?"

"Kai dai ka cika son kanka. Ta ƙone."

A ɗakinta Nejat take ɓoye butar, don mahaifiyarta, Inna Keriya, ba ta yarda gahawa ce ke fitowa daga ƙarfe ba. Ita ce ke soya 'ya'yan gahawa da kanta, ta daka, ta dafa a butar ƙasa, ta ɗaga ta sama ta tsiyaya. Ko Nejat ba ta isa ta taɓa wannan butar ba. Kuma mu nan kowa ya san finjali uku ake sha, na ukun shi ne na albarka, mai tashi kafin shi ya raina gida.

Ranar da Temam ya zo gaisuwa, an baza ɗanyar ciyawa a ƙasa bisa al'ada, ga turare, ga gugguru. A gefe kuma ga Kedir, dillalin gahawa, wanda ya daɗe yana neman Nejat. Shi wannan in ya zauna sai ka ce an dasa shi.

Inna Keriya ta tsiyaya na farko. Temam ya sha, ya yaba, sai kawai ya miƙe.

"Inna, a yi mini afuwa, na bar tebur ba kowa."

Innalillahi! Kedir ya gyara zama yana murmushi, ya ce, "Inna, ni dai a ƙaro mini, ba inda za ni."

Da baƙi suka watse Inna Keriya ta ce, "Mai shan gahawa a tsaye, a tsaye zai riƙe aure. Kada in ƙara ganinsa."

Nejat ta yi kuka har ta gode Allah, don tana sonsa, ga haushinsa kamar ta shaƙe shi. Ta tura masa:

"Ka kunyata ni. Teburinka ya fi ni, to ka aure shi."

Can sai ga amsarsa:

"Zumata, ba tebur ba ne. Da Inna ta ɗaga butar na ga hannunta na rawa, tana cije leɓe. Na ɗauka in na tashi taron zai watse ta huta. Ban faɗa ba don kada in kunyata ta a gaban baƙo. Na san na yi wauta."

Wauta kam ya yi, don Kedir bai tashi ba sai da ya sha ukunsa cif.

Washegari Nejat ta zuba wa mahaifiyarta ido. Ta ga yadda take riƙe taɓarya da hannu biyu, ta ga gaɓoɓin yatsunta sun kumbura. Ta durƙusa ta karanta mata saƙon.

Inna Keriya ta dubi hannunta.

"Tun damina nake fama," in ji ta. "Ke da na haifa ba ki gani ba. Wancan Kedir mai kujerar kullum yana nan, bai gani ba. Ki ce wa marar kunyar nan ya zo, kuma ya taho da gwangwaninsa."

Temam ya zo gumi na keto masa. Inna ta soya 'ya'yan gahawar da kanta, wannan kam ba ta bar wa kowa, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin. Sannan ta tura wa Temam kaskon.

Ya murza inji, ya ɗora buta, ya miƙa mata finjali da hannu biyu.

Ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Wannan ai mari ne, ba gahawa ba. Sake."

Ya sake. Ta shanye ta ce ba laifi, Nejat ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Da butar ta yi gurnani karo na uku, Temam ya kai hannu, Inna ta buge shi. Ta naɗe mariƙin da gefen mayafinta ta ɗaga. Ashe 'yar butar ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ɗaga ta sama yadda ta saba, ta tsiyaya siriri, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Ungo, ɗana. Rannan ka bar wannan a gidana. In ka shanye, ka turo manyanka."

Temam ya karɓa, sai ga shi nasa hannun ne ke rawa.

"Riƙe da kyau mana," in ji Inna, "ko kai ma sanyin ƙashin ne?"

Bayan an gama tsinkar gahawa aka ɗaura aure, muka ci muka sha, Kedir ma ya zo ya sha ukunsa. Amarya ta tare da injinta, amma butar ƙarfen nan, Inna Keriya ta riƙe abarta, ta ce ango ai yana da tebur guda cike da su. Ta dafa kawunansu ta ce Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuri'a mai albarka, kada Ya raba gidansu da baƙi da ƙamshin gahawa. Muka ce amin.