Sitikar Malam A'a

Ranar da Auta ta fara ganinsa, kansa na cikin akwatin wuta, don haka ƙeyarsa ta fara sani. Sai da ya fito da kan, da 'yar tocila a baki, suka haɗa ido. Tocilar ta faɗi. Ita kuwa ta manta abin da ta ɗauko sukundireba ta yi da shi.

Wurin na babanta ne. Suna haɗa akwatunan da ake kunna injinan masana'antu da kashe su, ita ce mai jera wayoyin ciki. Amma duk kyan akwati, babu masana'antar da za ta karɓa sai da sitikar da ke shaida ba zai kashe mutum ba. Baba ba shi da ikon manna ta da kansa, sai ya ba wani kamfanin bincike aikin. Su suka turo wannan dogon saurayi, mita a rataye, sitikoki a aljihun gaba.

Ba a jima ba ma'aikata suka raɗa masa Malam A'a. A kawo shayi, a'a. A ce za a rage masa hanya, a'a.

"Ruwa ma laifi ne a wajenku?" Auta ta tambaye shi wata rana.

"Dokar aiki ce. Wanda nake duba wa kaya, ba na karɓar komai daga hannunsa."

"Har gaisuwa?"

Ya yi murmushi yana kallon mitarsa. "Gaisuwa kam ina karɓa. Ki ƙara ma."

Saƙonninsa duk na aiki ne, amma Auta takan karanta su har ta haddace.

"Akwatin bakin ƙofa ya wuce. Wayoyin sun kwanta tsaf. Na san hannun wa ne, Injiniya."

Wannan "Injiniya" ɗin kaɗai ya hana ta cin abinci da rana. Son shi take, ta sani, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Akwai kuma Mai Kebul, ɗan abokin Baba, wanda ke kawo musu wayoyi. Turarensa kan riga shi shigowa, kuma duk abin da Baba ya faɗa sai ya ce, "Haka ne, Baba," tun kafin a kai ƙarshen magana. Baba na ji da shi.

Sai aka yi wani babban aiki, motar masu kaya na jira a waje. Malam A'a ya buɗe akwatin, ya duba murfin, ya mayar da sitikarsa aljihu. Ba a sa wa murfin wayar da ke kai wuta ƙasa ba. Baba ne ya ce a bari saboda sauri.

"Yaro, tun kafin a haife ka nake haɗa akwati!" Baba ya daka masa tsawa.

"Na sani, Baba. Amma wanda zai taɓa murfin nan da jiƙaƙƙen hannu, shi ma ɗan wani ne."

Motar ta koma wayam. Auta ta ɗauko waya ta durƙusa tana gyarawa ba tare da an sa ta ba, Baba kuwa ya ga irin kallon da ta bi saurayin da shi. A gida ya kira ta.

"Wannan mai taurin kan, kada in ji, kada in gani. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Aka gyara, aka manna sitika. Amma a zuwa na gaba, wata dattijuwa mai tabarau kamfanin ya turo. Auta ta daure har yamma, sannan ta rubuta masa:

"Lafiya? Ko faɗan Baba ne?"

"Lafiya lau. Ni na nemi a cire ni daga wurinku. Ki yi haƙuri, ba zan iya ƙarin bayani yanzu ba."

Shi ya nema. Wato su yake gudu, har da ita. Ta kifa wayar ta ci gaba da aiki, hawaye na ɗiga kan safar hannunta.

Kewa ta sa ta a gaba. Duk lokacin da ƙofar ƙarfen ta yi ƙara sai ta ɗaga kai, ta ga mai shara ne ko direba. Akwatunan ƙarshe da Malam A'a ya duba suna jere a lungu suna jiran masu su, takan je ta shafa sa hannunsa a kan sitikar kamar mai goge ƙura. Ɗaya bayan ɗaya motoci suka kwashe su, har lungun ya zama fili.

Mama ce ta kawo mata maganar: iyayen Mai Kebul na son zuwa, Baba na jiran amsarta. Auta ta ajiye kunya gefe ta ɗauki waya ta rubuta wa Malam A'a:

"An ce in ba da amsa kan wani. Ni kuwa zuciyata ba ta hannuna. Idan ba ta hannunka, ka faɗa min in haƙura."

Amsar ta zo tun ba ta ajiye wayar ba.

"Akwatin ƙarshe mai sa hannuna ya fita?"

"Ya fita jiya."

"Alhamdulillahi. Injiniyata, hasken idona, tun ranar farko nake sonki. Da na furta ina duba muku kaya, da duk sitikar da na manna ta zama abin zargi, a dawo wa Baba da akwatunansa, sunansa ya ɓaci. Shirun nan ya kusa kashe ni. Ki gaya masa ina zuwa da kawuna."

Baba ya karɓe su fuska a ɗaure. Ya saurari kawun har ƙarshe, sannan ya dubi saurayin.

"Wato ka bar ganinta don kada a taɓa min suna? Ni da na ci maka mutunci gaban ma'aikata?"

"Sunanka nata ne, Baba."

Baba ya sa aka kira Auta.

"Ke fa?"

Ba ta yi kwana-kwana ba. "Shi nake so, Baba."

"To. Dama masu taurin kai ba sa ɓace wa juna."

Ranar ɗaurin aure ma'aikata suka cika gidan da tsokana. Da aka zo tafiya da amarya, angon ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kin rame, Injiniyata."

"Aikinka ne. Kai za ka gyara."

Baba ya dafa kansu su biyun. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Ka riƙe min ita amana."

Kaya da yawa sun fita daga hannun Baba a rayuwarsa, kuma da an rufe mota yake juyawa ciki ya kama wani aikin. Ran nan ya tsaya a bakin ƙofa yana goge ido, har motar ta sha kwana.