Hayaƙin Jan Dutse

In ka bi bayan kasuwar Goronyo za ka ga wani gidan siminti mai koriyar ƙofa, wanda maƙwabta ba sa bari yaransu su je kusa da shi. Gidan Halliru ne. Na san shi tun yana noman albasa a fadama, ga ƙarfin aiki, ga rashin haƙuri. Abin da ke cin ransa shi ne ganin sa'o'insa da suka tafi haƙar zinariya suna dawowa da sababbin babura. Shekarar da albasarsa ta ruɓe a rudu, wato rumbun ajiyarta, bai shawarci kowa ba, ya nufi wani boka da ke cikin kwazazzabo tsakanin Wurno da Rabah.

Da rana tsaka ya isa, amma cikin bukkar duhu ne. Ƙahonin raguna na rataye, ƙasa ta yi baƙi da tsohon jini. Ga wata tukunyar ƙarfe bisa murhu, an liƙe bakinta da yumɓu, an soka mata bututu. Bokan ba shi da haƙori ko ɗaya, hannuwansa sai karkarwa suke yi. Wallahi da Halliru na da hankali, hannuwan nan kaɗai sun ishe shi gargaɗi.

"Mi kaz zo nema?" in ji bokan.

"Arziki, Baba. Na gaji."

Bokan ya kwance wani ƙyalle, ya fito da dutse ja jawur kamar ɗanyen nama. Ya ce daga can arewa ake kawo masa shi, daga hamadar da duwatsu suka taɓa aman wuta suka bar ƙasa baƙa ƙirin. A tsagar duwatsun yake, inda ruwan zafi ya taɓa ɓuɓɓugowa, siririyar jijiya ce da ba ta fi kaurin yatsa ba. Ya jefa guntu cikin tukunyar, ya hura wuta yana surkulle. Can sai wani farin ruwa mai nauyi ya soma ɗiga cikin ƙwarya, yana mirginawa, ba ya jiƙa komai.

"Zaiba ta. Da ita a ka kama zinariya cikin laka. Masu haƙa har gida za su biyo ka."

"To mi za ni biya?"

"Ba ni son kuɗɗinka. Cikin gidanka za ka gasa shi, ɗaki ruhe, kar hayaƙi shi hita. Duk abin da yash shaƙi hayaƙin ga, nau na."

"Rai, Baba? Ni ba ni ba da rai."

"Wa yac ce rai? Ka hana kowa shiga mana."

Halliru ya yi tunani, ya ga bango da tsaka ne kawai za su shaƙa. Ya ce ya yarda.

Da ya soma gasawa, dillalai suka fara sallama daga wajen Zamfara suna neman zaiba. Ya rushe gida ya gina na siminti, ya sayi mota, amma ɗakin ƙasan da yake gashin dutsen ya bar shi a tsakiya da ƙwado. Har ya fara taƙama cewa ya fi bokan wayo.

Da sanyi ya shigo, matarsa Sadiya ta haifi namiji, shi kuwa ya tafi karɓo dutse. Mahaifiyarsa ta taɓa bangon ɗakin nan ta ji shi da ɗumi. Ta sa aka fasa ƙwadon, ta share fararen ƙwayoyin da ta gani a ƙasa, ta zuba garwashi ƙarƙashin gado, ta toshe taga da bargo, ta shigar da Sadiya da jaririn, kamar yadda ake wa kowace maijego. Babbar 'yarsa Mahbuba ce mai kai ruwan zafi.

Halliru ya dawo ya tarar da su a ciki.

"Inna, wa yas sa su cikin ɗakin ga?"

"Ni. Ɗaki da ɗumi ya zauna banza, ɗiyar mutane na jin sanyi? Mi ag ga ɗakin?"

A nan ya kamata ya faɗi gaskiya. Amma ya ji kunyar uwarsa ta san ya je wurin boka, sai ya ce a ransa bayan suna zai fitar da su. In na tuna wannan shirun nasa, raina yakan ɓaci har yau.

Jaririn bai kai suna ba. Dasashin Inna ya fara zubar da jini, haƙoranta suka zube, ta bi jikanta. Mahbuba ta daina iya riƙe cokali. Sadiya kuwa ta koma dariya ita kaɗai, tana lallashin zani a nannaɗe.

Halliru ya ruga kwazazzabon. "Baba, amshi dutsenka, sakam min iyalina!"

"Dutse ya ƙare, jijiyar ta mutu. Ni ban taka gidanka ba. Kai kag gasa, kai kay yi shiru."

A asibiti an ce musu guba ce, su bar gidan. Su tafi ina? Ba mai saye, dangi na tsoron karɓarsu, motar ta tafi wajen magani. Sadiya in aka fitar da ita daga ɗakin sai ta yi ta ihu, wai ɗanta na ciki. Da bazara, in ƙasa ta ɗauki zafi, fararen ƙwayoyin nan na fitowa daga tsagar daɓe.

Kai da ke ƙyashin babur ɗin maƙwabcinka, ka ji tsoron Allah. Wanda ya ce ba ya son kuɗinka, ka tambaye shi abin da yake so, sannan ka gudu. Rannan na je gaida Halliru, na miƙa masa hannu. Bakinsa ba haƙori ko ɗaya, hannunsa kuwa ya kasa samun nawa.