Ƙasan Jan Layi

Shekara tara ina riƙe da littafin sa hannu a wani kamfani a Abakpa, kuma da kunya nake ba da labarin nan.

Manajanmu Datti ba ya ganin kowa da gashi. Takwas na bugawa zai ja layi da jan biro, wanda sunansa ya faɗo ƙasa a zage shi tas a gaban jama'a. Abokin aikina Rilwanu ya gaji da wulaƙanci, ga shi da son girma. Wata Asabar ya ja ni wurin wani boka a bayan Rafin Guza.

Rana tsaka, amma ɗakin duhu ƙirin, sai ƙarnin jini. Ga wani tulu an ɗaure masa wuya da jan ƙyalle, ƙudaje sun rufe bakinsa.

"Kujerar Datti nake so," in ji Rilwanu.

Bokan ya ce, "Za ka hau. Kawo shafi ɗaya daga littafinku. Na ƙasan layi nawa ne."

"Naka kamar yaya, baba?"

"Kujera ka zo nema ko tambaya?"

Da muka koma ofis, ni na yage wa Rilwanu shafin da hannuna, ya ninke bai duba ba, ya kai wa bokan. Suna uku ne a ƙasa: Bala direba, Safara'u mai shara, da Rilwanu kansa. Ranar da aka cike shafin bai zo aiki ba, ya bugo waya in sa masa hannu kamar yadda muka saba yi wa juna, na manta sai bayan an ja layi. Na sani sarai, na ja bakina, don ya yi mini alkawarin kujerar mataimaki.

Cikin wata uku aka kori Datti. Rilwanu ya hau, ya gina gida a Malali, ya fi Datti iya zagi. Ni ma na samu kujerata.

Bala ne ya fara mutuwa, a zaune a mota, ba ciwo. Safara'u ta zautu. Sai abin ya shiga gidan Rilwanu: ya ɗauke matarsa Lubna, sannan ɗansu, mako ɗaya tsakani. Yanzu Rilwanu yawo yake ba takalmi, yana zana jan layi a bangon mutane.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya kai sunan ɗan'uwansa wurin boka, da wanda ya gani ya yi shiru, duk su jira nasu.

Jiya Rilwanu ya tare ni a bakin titi, ya riƙe mini riga.

"Yahaya, ka sa ni a saman layi ko?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na sa ka."