Ruwan Inabin Gidan Baba Dung

A tashar bas ta Wilmslow Road Jedidiah ya fara ganin Shalom, ana ruwa, tana kokawa da lemar da ta ƙi buɗuwa. Ya miƙa mata tasa, wai aro.

Kafin wata uku ta zama "Zumata", shi kuma "Manomina", don hirarsa ba ta wuce gonar inabin da mahaifinsa, Baba Dung, ya fara a bayan Jos da dashe goma sha biyu kacal.

Ranar da ya je gaisuwa Aston, unguwarsu a Birmingham, mahaifinta, dattijon ikilisiya, ya tambayi sana'ar gidansu.

"Ruwan inabi muke yi, Baba."

"Madalla! Na Jibin Ubangiji a coci ke nan."

Dattijon ya ɗauka mai zaƙin nan ne da ba ya bugarwa. Jedidiah ya ga kuskuren sarai, ya ja bakinsa. Tsoro ne ya hana shi magana, ba ladabi ba.

Kwalbar da Baba Dung ya aiko cikin kayan gaisuwa, da alfaharinsa, ita ta tona asiri. Dattijon ya buɗe, ya sansana, ya ture ta gefe. Shekara biyu ke nan da aka tsinci gawar Eli, yayan Shalom, a ɗakinsa, kwalaben giya kewaye da shi.

"Giya ce, ku kira ta da sunanta," in ji shi. "Na binne ɗa guda. Ba zan kai 'yata inda ake yin abin da ya kashe shi ba."

Shalom ta yi kuka har ta gaji, sannan ta tura saƙo:

"Manomina, ka san labarin Eli, ka bar Baba yana ta murna. Ina sonka, but I can't. Ba zan shiga coci babu albarkarsa ba."

Mako shida Jedidiah yana rama. Daga bisani ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ya durƙusa gaban dattijon, ya yi alkawari ya bar gadon gonar har abada. Da ya sanar da Baba Dung ta waya, sai tsohon ya kashe wayar.

Aka ɗaura aure a Aston. Dattijon ya dafa kawunansu yana hawaye: "Ubangiji ya haɗa kanku, 'ya'yana."

Kujerar uban ango babu kowa. Suna fitowa saƙonsa ya shigo, Shalom ta riƙe hannun mijinta suka karanta tare:

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya. Layin inabin da na dasa ranar da aka haife ka, yau na sare shi da hannuna."