Ragowar Gari a Injin Tanimu

Ku matso, ku rage murya. Ni ban ce aljana ce ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Tanimu yana da injin niƙa a bayan kasuwar garinmu. Duk mai wannan sana'a ya san inji ba ya amayar da gari duka. Kullum kaɗan yana maƙalewa a ciki. Ka kawo niƙa, ka tafi da ragowar na gabanka, ka bar wa na bayanka naka. Ba wanda ya taɓa kai ƙara a kan haka.

Wata rana da tsakar rana, ba kowa a layi, wata doguwar mata ta shigo da ƙwaryar gero. Inji na ruri, amma da ta yi sallama a hankali, sai ya ji ta kamar a cikin kunnensa. Geron da sanyi, yana warin ƙasan rijiya.

Ya juye. Da gari ya fara zuba, ya ɗebo da yatsa ya ɗora a harshe don ya ji laushi, yadda yake yi wa kowa. Ƙura ta rufe shi har gira. Ita kuwa ko ɗigo bai sauka a zanenta ba.

Ta ce, "Mai inji, na wa ne zai bi nawa?"

"Duk wanda Allah Ya kawo, Hajiya."

"To. Wanda ya ci namu, namu ne."

Ta fita. Ya dubi garin da ke zube a ƙasa. Sawunsa ne kaɗai.

Sai ga Inna Kande, maƙwabciyarsa, da daron dawa. Gobe sunan jikanta, rabin unguwa za su ci tuwon.

"Tanimu, yi maza, na bar tukunya a wuta."

"Inna, inji ya lalace."

"Wanda nake jin ƙararsa tun daga gida?"

"Yanzu ya lalace."

Ta ɗauki daronta tana cewa ragwancinsa gado ne. Ya kashe inji, ya kwance shi, ya share kowane lungu, ya wanke, ya binne ragowar a bayan shago. Yana cikin wanke hannu ya tsaya cak. Harshensa ya yi sanyi.

An yi suna lafiya, ba wanda ko ciki ya murɗa wa.

Tanimu ne dai tuwo ya daina yi masa ɗanɗano. Likita ya ce ƙurar gari ce, ya ba shi ƙwayoyi. Wataƙila ita ce. Amma har yau, rana na take tsaka, yakan sallami kowa ya ja ƙofa. Inji ya tashi. Daga waje ana jin yana cewa, "Sannu, Hajiya. Bi layi, Baba."

In an aike ku niƙa, ku je da hantsi, kuma ku je ku biyu. Kafin a juye naku, ku tambayi na wa aka niƙa.