Rigunan Masu Dogon Wuya

"Tambaya ɗaya nake yi tun ɗazu," in ji likitar, tana murza idanunta da suka yi ja don gajiya. "Akwai abin da ya matse mata wuya a 'yan kwanakin nan? Faɗuwa, haɗari, igiya, hannu... ko mene ne."

Tela ya sunkuyar da kai. Tun safe yake tsaye a asibitin nan, ƙafafunsa har sun daina jin ƙasa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama, tana cikin rubutu a allo alli ya suɓuce mata, bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki. Ga ta can a gado, ido biyu, amma magana ta ƙi fita.

Surukarsa ce ta amsa.

"Babu ko ɗaya, likita. Mura ce ta dishe mata murya, sai ciwon kai. Shi ya sa ma mijinta ya ɗinka mata riguna masu dogon wuya saboda sanyi. Yaron kirki ne, wallahi."

Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Shekararsu uku da aure, ko hararar juna ba su taɓa yi ba. Bara ne wani abokinsa ya nuna masa abin a waya, yana dariya, wai yanzu haka ake yayi, a ɗan shaƙe wuya a shimfiɗa, wai ƙarin daɗi ne. Shi kuma sarkin kwashe-kwashe ya kwaso ya kai gida. Malama ta yi jim, ta ce, "In dai kana so, abin ƙaunata." Da shatin yatsu ya fito, ya zauna a kan keken ɗinki ya ɗaga wuyan rigunanta, har yana jin daɗin dabararsa.

"Malam," likitar ta ce a hankali, "in na san dalili, na san hoton da zan ɗauka da maganin da zan ba ta. In ban sani ba, lalube za mu yi ta yi, kuma ba ta da wannan lokacin."

Ya dubi surukarsa, matar da ko sunanta bai taɓa iya faɗa ba don kunya. Ya dubi gadon. Malama na kallonsa, hawaye na bin gefen bakinta da ya karkace.

"Hannuna ne," ya ce.

"Me ka ce?" in ji surukarsa.

"Hannuna ne, Mama."

"Dukanta kake yi?"

"Ban taɓa ba, wallahi. A ɗaki ne... wasa ne irin na miji da mata. Da yardarta."

Likitar ta riga ta fara rubutu. "Yarda ba ta hana jijiya tsagewa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini a wuya suke. An matse, ɗaya ta tsage daga ciki, jini ya daskare, sai bayan kwanaki ya je ya toshe hanya. Wasu ma a take suke tafiya. Babu wani a hankali a wannan abin. Na gaji da ganin irinsa."

Aka tura gadon aka fita da Malama. Mama ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Zama ta yi a benci kamar wadda aka zare wa laka.

"Ni da nake yabon ɗinkinka a gaban mutane," ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Malama ta rayu. Bayan mako biyar aka sallame ta, Mama ta wuce da ita gidanta. Kullum da la'asar Tela zai rufe shago ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya gaisar, a amsa masa a daƙile, ya koma. Ya rame, ɗinkin mutane ya taru, shi ko a jikinsa.

Ran nan ya zo da leda. Rigunan ne, duk ya farke dogayen wuyan ya mayar da su yadda suke da. Mama ta ɗaga ɗaya ta duba, ta daɗe tana kallo, sannan ta matsa daga ƙofar.

"Shiga. Tun safe take nuna ƙofa."

Malama na zaune a kujera, hannun dama a kan cinya, ɗankwalinta ya zame ya sauko mata a wuya. Ya miƙa hannu zai gyara mata, sai hannun ya tsaya a iska. Ya kasa. Ya durƙusa a gabanta ya fashe da kuka.

"Ki yafe mini, hasken idona. Ni na cuce ki."

Ta sa hannun hagu ta kamo nasa ta riƙe. Ta daɗe tana kokawa da harshenta, kalmomin na fitowa ɗaya-ɗaya.

"Tsoro... nake... ji. Kullum."

"Yanzu?"

Ta girgiza kai. "Tun... farko."

Shekara guda tana jin tsoro a ƙarƙashin hannunsa, bai taɓa tambaya ba. Ya kifa goshinsa a gwiwarta, ita kuwa ba ta saki hannun ba.